Amsa: Wane fim ne ya nuna farkon hip-hop?

Ɗan'uwa, ka tambayi fim ɗin da zai nuna maka yadda hip-hop ya faro tun kafin manyan kuɗi su shigo harkar. Nemi Beat Street na 1984. Stan Lathan ne ya ba da umarni, Harry Belafonte kuma yana cikin masu shiryawa.

Labarin a Bronx ta Kudu yake, cikin birnin New York, lokacin da gidaje da yawa suka ƙone suka zama kangaye. Kenny na son zama DJ, kullum yana ɗaki da fayafayansa yana haɗa sauti. Ƙanensa Lee ɗan rawa ne. Amma Ramon ne ya fi tsaya mini a rai: da dare yana zane da fenti a jikin jiragen ƙasa, ga budurwa da jariri suna jiransa, mahaifinsa kuma na matsa masa ya nemi aiki.

Ka nutsu sosai a wurin gasar rawa ta kulob ɗin Roxy. Rock Steady Crew ne da New York City Breakers, 'yan rawar titi na gaske. Ɓangaren soyayyar dai bai yi armashi ba, gaskiya.

In ka gama, ka ɗora da Wild Style, wanda ya riga shi fitowa.