Amsa: shin zakaran sukuwa yakan haifi zakara irinsa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace ka biya kuɗi mai yawa a kai goɗiyarka wurin ingarman da ya yi suna a filin sukuwa nan Maradi. Shawarata ita ce ka binciki 'ya'yansa tukuna, domin gudun uba ba ya tabbatar da gudun ɗa.

Dubi Secretariat, dokin sukuwa na Amurka, wanda aka haifa a 1970. Ya shiga sukuwa 21 ya ci 16, kuma a 1973 ya lashe manyan gasanni ukun ƙasar, har a ta Belmont ya ba na biyu ratar tsawon doki 31, cikin minti 2 da daƙiƙa 24. An sayar da haƙƙin barbararsa kan dala miliyan 6.08, aka kai shi gonar Claiborne a jihar Kentucky, inda ciwon kofato ya yi ajalinsa a 1989.

Duk da haka, cikin ɗaruruwan 'ya'yansa babu wanda ya kama ƙafarsa, ko da yake Risen Star da Lady's Secret sun yi zarra. Albarkar jininsa ta fito ne ta wajen 'ya'yansa mata, waɗanda suka haifi shahararrun dawakai Storm Cat da A.P. Indy.

Saboda haka ka je bargar ingarman na Maradi da kanka, ka shafa ƙafafun duƙusan da ya haifa, ka dubi faɗin ƙirjinsu, sannan ka tambayi asalin uwarsa kafin ka fitar da ko jaka ɗaya.