Shafin 'yan gwari a Farin Gada: na gina jigon WordPress da kaina ko na karɓi na kyauta?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a nan Jos, na ɗan iya HTML da CSS. Kawuna yana harkar gwari a kasuwar Farin Gada, shi da abokan sana'arsa suka ce na buɗe musu shafin intanet da za a riƙa saka farashin tumatir, kabeji, karas da dankalin turawa kullum da Hausa, saboda masu saye daga Kano da Abuja. Na buɗe da WordPress, manhajar gina shafukan intanet, na ɗora wani jigo (theme, wato abin da ke tsara fuskar shafi) na kyauta, na gyara launinsa da wasu wurare a cikin fayilolinsa. Da na sabunta shi sai duk gyaran ya ɓace. Ga shi shafin yana da nauyi a waya, kuma haruffan ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa daban da sauran. Wani abokina ya ce zai turo min jigo mai tsada da ya samu kyauta a wani zaure na Telegram. Na karɓa, ko na zauna na gina nawa? In ginawa zan yi, ta ina zan fara?

Amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya yi wa kasuwa albarka, ya kuma taimake ka, ƙanena. Ka gina naka. Amma ka gina ƙarami, a kan tushen da wasu suka riga suka kafa, kuma ka gina shi don mutumin da ke tsaye a bakin mota da ƙaramar waya a hannu yana son sanin nawa kwandon tumatir yake yau. Shi ne mai shafin, ba kai ba, ba ma kawunka ba.

Bari mu fara sallamar tayin abokinka. Kada ka karɓa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wanda ya ɗauki jigon da ake sayarwa da dala ya cire masa makulli ya raba wa duniya, sau da yawa ya cusa wani abu a ciki: ƙofar baya da zai riƙa shiga shafinka, ko ɓoyayyun mahaɗai zuwa shafukan caca, ko kod da zai riƙa karkatar da masu ziyara zuwa wani wuri. Kai da ke shiga ta kwamfuta a matsayin mai gudanarwa ba lallai ka ga komai ba, sai dillalin Kano ya buga waya ya ce ya danna farashin albasa ya tsinci kansa a shafin banza. Ko da an yi sa'a babu komai a ciki, irin wannan jigo ba ya samun sabuntawa daga masu shi, don haka duk ramin da aka gano a cikinsa daga baya zai zauna a buɗe. Sunan kawunka da amanar abokan cinikinsa ne a kan wannan shafi.

Ɓacewar gyaranka kuwa haka tsarin yake. Jigo babban fayil ne mai ɗauke da ƙananan fayiloli, yana zaune a cikin wp-content/themes. In aka sabunta shi, WordPress yana share tsohon gaba ɗaya ya ajiye sabo a gurbinsa, bai san da wani gyara da ka yi ba. Maganin shi ne ɗan jigo, wato ƙaramin jigon da ke gadar komai daga jigon asali, wanda ake kira uwa. Ka buɗe sabon babban fayil kusa da na uwar, ka saka style.css a ciki, a samansa ka rubuta sunan jigonka, sannan a layin Template ka rubuta sunan babban fayil ɗin uwar daidai harafi da harafi. Daga nan duk fayil ɗin da ka ajiye a cikin ɗan, shi za a fara dubawa, abin da babu a ɗauko daga uwar. Uwa ta sabunta sau nawa ma, naka yana nan.

Wace uwa za ka zaɓa? A nan sai ka san cewa jigogin WordPress iri biyu ne yanzu. Matt Mullenweg da Mike Little sun fitar da manhajar a 2003, tsarin jigo ya shigo a 2005 da siga ta 1.5, kuma shekara da shekaru ana rubuta jigo ne da harshen kod na PHP: header.php, footer.php, single.php, functions.php da sauransu. A Disambar 2018 siga ta 5.0 ta zo da editan Gutenberg, inda kowane sakin layi da hoto da jadawali ya zama bulo mai zaman kansa. A Janairun 2022 siga ta 5.9 ta faɗaɗa abin zuwa dukan shafi, har da kan shafin da ƙafarsa, tare da jigon Twenty Twenty-Two. A irin wannan jigo na bulo, samfuran shafuka fayilolin HTML ne a cikin templates, kai da ƙafa suna cikin parts, launuka da girman rubutu da tazara kuma duk suna cikin fayil guda, theme.json. Tunda HTML da CSS ka iya, ba ka kai ga PHP ba tukuna, wannan ita ce hanyarka. Ka ɗauki Twenty Twenty-Four ko Twenty Twenty-Five a matsayin uwa, ka ɗora filogin (ƙaramar manhajar da ake ƙara wa WordPress) mai suna Create Block Theme, shi zai ƙirƙira maka ɗan, kuma ya riƙa mayar da gyaran da ka yi a edita zuwa fayiloli. Wannan mayarwar tana da muhimmanci: gyaran edita a rumbun bayanai yake zama, in ba ka fitar da shi zuwa fayil ba, ranar da ka kwashi jigon zuwa wani shafi zai tafi babu shi.

Abu guda da ya kamata ka zauna ka fahimta sosai shi ne yadda WordPress ke zaɓar samfurin da zai nuna. Yana bi ne daga na musamman zuwa na gama-gari. Mutum ya buɗe rukunin da ka sa wa suna dankali, sai ya nemi category-dankali, in babu ya nemi category, in babu archive, in babu ya koma index. Wanda ya gane wannan jerin ya gane rabin aikin jigo, domin zai iya sa shafin farashi ya fito daban da shafin sanarwar ƙungiya ba tare da ya taɓa sauran ba.

Yanzu haruffa, kuma nan ne nake son mu daɗe, don an cika wulaƙanta rubutun Hausa a shafukanmu. Yawancin salon haruffan da masu jigo ke zaɓa an zana su ne don harsunan Turai, babu ƙ, ɗ, ɓ a cikinsu. In burauza ta zo kan harafin da babu, sai ta aro shi daga wani salon da ke cikin wayar. Shi ya sa a kalmar ƙwarya za ka ga ƙ ta fi sauran siranta ko tsayi, a tsofaffin wayoyi ma wani lokaci akwati kawai ake gani. Mutane da yawa sai su gaji su daina saka lanƙwasa, su rubuta kafa inda suke nufin ƙafa. Kai kada ka bi wannan. Akwai salon haruffa na kyauta da suka ƙunshi namu cikakke: Noto Sans da Noto Serif na Google, da Andika da Charis da Gentium na ƙungiyar SIL, waɗanda dama don harsuna irin namu aka yi su.

Kafin ka amince da kowane salo, ka rubuta wannan a shafin gwaji: Ɗan ƙauye ya ɓata ƙwarya, Ɓaidu da Ƙaura sun biya ₦5,000. Ka duba shi a rubutu na yau da kullum, ka duba a mai kauri, ka duba a karkatacce, ka duba a babban kanu. Manyan Ɓ, Ɗ, Ƙ su ne suka fi yawan ɓacewa, alamar naira ma haka, kuma shafinka na farashi ne, ba za ka so ₦ ta fito a karkace kusa da kowane adadi ba. Wani tarko kuma: kayan aikin da ke rage nauyin fayil ɗin haruffa sukan yanke duk abin da ba na Turanci ba, don haka ka sake gwajin bayan ka rage. Ka ajiye fayil ɗin a cikin jigonka a tsarin woff2, ka bayyana shi a theme.json, salo ɗaya, kauri biyu. Sun isa.

Har ila yau kan harshe, ka bi samfuran ɗaya bayan ɗaya ka mayar da ƙananan kalmomin jigo Hausa: Ci gaba da karatu, Bincika, Na baya, Na gaba, Ba a sami wannan shafi ba. Kwanan wata ka saita shi da lambobi zalla. Dattijon da ya karanta farashi da Hausa bai kamata ya tsaya yana neman wanda zai fassara masa maɓalli ba.

Nauyi kuwa, kusan ko da yaushe hotuna ne da kayan ado. Hoton da sakataren ƙungiya zai ɗauka da wayarsa yakan kai megabait uku ko huɗu. Duk hoton da aka ɗora, WordPress yana yanka masa ƙananan kwafi da kansa, na fiksel 150, na 300, na 1024, amma jigo ne ke cewa wanne za a nuna. Jigon da bai damu ba sai ya jera manya goma a shafin farko, datar mutum ta ƙare bai ga farashin kabeji ba. A jerin labarai ka zaɓi matsakaici, ka riƙa mayar da hotuna tsarin WebP mai ƙarancin nauyi, wanda WordPress ke karɓa tun siga ta 5.8 a 2021. Hotuna masu zamewa a saman shafi, da bidiyon da ke kunna kansa, da rubutun da ke tsalle yana shigowa, ka bar su duka. Na san su ne ke burge mai biyan kuɗi ranar da aka nuna masa aiki a kwamfuta. Ka buɗe masa shafin a wayarsa da datarsa, zai fahimta.

Ka fara zanen a takarda, da faɗin waya. Me mai saye zai fara gani? Kwanan watan yau da manyan baƙi, don farashin gwari na jiya tarihi ne. Ƙarƙashinsa jadawali mai layi uku a tsaye: kaya, ma'auni, kuɗi. Tumatir, babban kwando, kaza. Dankalin turawa, buhu, kaza. In ka ƙara na huɗu da na biyar, a wayar Itel ko Tecno sai mutum ya riƙa jan shafi gefe, ya manta layin da yake kai. Rubutu kada ya gaza fiksel 16, baƙi a kan fari, domin a tsakar rana a fili za a karanta, toka-toka a kan fari ba ya ganuwa. Sai maɓalli babba na kira ko na WhatsApp wanda babban yatsa zai samu ba tare da lalube ba. Wannan jadawalin ka adana shi a matsayin tsararren bulo, ka kulle shi, yadda mai shigar da farashi da asuba zai canja lambobi kawai, ba zai iya rusa tsarin bisa kuskure ba.

Nan gaba za ka so ka ware farashi ya zama nau'in rubutu na kansa, da gurbin kaya da gurbin kuɗi, har a iya kwatanta na wannan wata da na wancan. Tunani ne mai kyau, amma kada ka saka shi a functions.php na jigo, ko da ka ga ana koyar da haka a bidiyo. Jigo riga ce, ana canja ta. Ranar da aka canja, farashin shekara biyu zai ɓace daga allon gudanarwa, yana nan kwance a rumbun bayanai amma ba mai ganinsa. Duk abin da ya kamata ya rayu bayan an canja fuskar shafi, a ƙaramin filogin ake saka shi. A nan ne za ka fara koyon PHP da dalili.

Kada ka yi aikin a kan shafin da mutane ke dubawa. Ka ɗora Local ko XAMPP a kwamfutarka, WordPress zai yi aiki a cikinta ba tare da intanet ba, ka lalata ka gyara son ranka, datarka tana nan. Ka koyi Git, manhajar da ke adana tarihin gyaran fayiloli, ko da umarni biyar ne, don ka iya komawa baya. In ka gama ka matse jigon a zip ka ɗora, bayan ka ɗauki kwafin ajiya na shafin duka. Ka kuma tabbatar inda shafin yake zaune: in a WordPress.com ne, ɗora jigon kanka sai da tsarin biya, in kuwa hostin (wurin ajiye shafi a intanet) ka saya ka girka manhajar da kanka, babu wannan shinge.

Gwaji iri biyu za ka yi. PageSpeed Insights na Google zai nuna maka abin da ke jan shafin baya, ka duba sakamakon waya, ka ƙyale na kwamfuta. Na biyun ya fi: ka je Farin Gada da safe lokacin da ake sauke kaya, ka miƙa wa mutum uku ko huɗu adireshin, ka ce su nemo maka kuɗin buhun karas a wayoyinsu, kai kuma ka yi shiru kana kallo. Inda yatsa ya tsaya yana shawagi, ka rubuta. Sannan ka tura mahaɗin a WhatsApp ka ga hoton da kanun da ke fitowa, don ta nan yawancin mutane za su shigo, kuma wannan aikin filogin ne, ba na jigo ba.

Tun yanzu ku yi magana da kawu a kan wanda zai riƙa sabunta WordPress da filogin, da wanda zai biya kuɗin hostin da sunan shafi duk shekara, kuma a yi rajistar sunan da sunan ƙungiya. Kai ɗalibi ne, bautar ƙasa na iya kai ka wata jiha. Ka rubuta musu takarda guda da Hausa mai bayanin yadda ake shiga, yadda ake canja farashi, da inda kwafin ajiya yake, ka koya wa mutum biyu a cikinsu su yi a gabanka. In ka haɗa ɗan jigon ka maƙale a theme.json, ka sake rubuto min da abin da allon ya nuna maka.