Amsa ga yarona mai koyon hoto: kyamarar dijital da ta fim

Ɗana Laminu, ka tambaye ni cewa tun da kyamarar dijital mai madubi, wadda ake kira DSLR, tana nuna wa mutum hotonsa a allo nan take, mene ne dalilin da nake matsa maka da awon haske irin na zamanin fim, kuma shin tsohuwar kyamarar fim Nikon FM2 da ke cikin kabad ɗin shago tana da sauran amfani ko ta zama kayan ado. Amsar ta fi ƙarfin a ba da ita a tsaye tsakanin mai jiran hoton katin shaida da mai karɓar na suna, shi ya sa na rubuta maka ita.

Ka fara sanin cewa ƙirarsu ɗaya ce. Haske yana shiga ta gilashin gaba, ya bugi madubin da ke gicciye a ciki, ya hau sama ya iso idonka. Idan ka danna, madubin ya ɗaga, labulen da ke bayansa ya buɗe ya rufe. Abubuwa uku kake juyawa a kowacce: faɗin ƙofar gilashi, da saurin labule, da ƙarfin karɓar haske wato ISO. Kyamarar dijital mai madubi ta farko da kamfanin Kodak ya fitar kasuwa a 1991, jikin Nikon F3 ne ta fim aka ɗora wa sabon baya, kuma sai da Nikon D1 ta fito a 1999, sannan Canon EOS 300D mai sauƙin kuɗi a 2003, kafin masu sana'a irinmu su fara sauyawa da gaske. Abin da ya sake shi ne abin da ke bayan labule kawai: can fim, nan kuma sensa, wato ɗan farantin lantarki mai karɓar haske. Sai dai fim da sensa ba sa ɗaukar kuskure ta fuska ɗaya, kuma a nan ne aikin yake.

Ɗauki ango a ranar ɗaurin aure, baƙin mutum cikin farar shadda mai sheƙi, da aikin zare a wuya da aljihu, ya fito ƙofar gida da tsakar rana. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara, na fim ne ko na dijital, an tsara shi ne ya mayar da duk abin da ya gani tsaka-tsaki, ba fari ba baƙi ba. Saboda haka idan farar riga ta cika masa ido sai ya rage haske, rigar ta fito toka-toka, fuskar ango kuma ta nutse har ba a rarrabe ido da gira. A zamanin fim maganin bai da wuya: mu matsa kusa mu auna fuska, ko mu ƙara buɗe ƙofa mataki ɗaya ko biyu, mu ɗauka hankali kwance, domin fim ɗin nagetif mai launi yana jure yawan haske ƙwarai, kuma mai wanki zai iya fito da zaren rigar a takarda. Abin da fim ba ya yafewa shi ne ƙarancin haske. Sensa kuwa akasin haka take. Kowane ɗigo a cikinta kamar tulu ne, idan ya cika ya cika, abin da aka ƙara zubewa yake yi. Wurin da ya ƙone fari fat babu wata kwamfuta da za ta dawo da aikin zaren da ke wurin, kuma angon da ya biya maɗinki kuɗi masu yawa wannan aikin zai fara dubawa kafin fuskarsa. Amma inuwa, musamman idan ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, tana ɗaguwa gwargwadon hali. Don haka da dijital rigar za ka kare, fuska kuma ka kawo mata haske daga waje: ka kunna filasha ko da rana ce, ko ka sa yaro ya riƙe farin ƙyalle daga ƙasa ya mayar mata da haske, ko, wanda ya fi duka, ka roƙi ango ya matsa inuwar zaure.

Allon da kake dogara da shi ba zai faɗa maka wannan ba. A cikin hasken ranar Maraɗi da kyar ake ganinsa, idan ka ƙara masa haske kuma sai ya nuna maka hoto mai duhu kamar lafiyayye. Abin dubawa shi ne jadawalin nan mai kama da tsaunuka da kyamara ke zanawa: idan tsaunin ya jingina da bangon dama, wani wuri ya ƙone. Ka kuma kunna alamar da ke sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙiftawa. Duk da haka, ganin kuskure bayan an yi shi bai hana shi faruwa ba, kuma ba a maimaita fitowar amarya domin mai hoto.

Wannan ne ya sa nake so idonka ya riga na'ura. Ƙa'idar da muka yi aiki da ita tana nan daram: idan rana ta take sosai, ka sa ƙofa a 16, saurin labule kuma ya yi kusa da lambar ISO, wato ISO 100 da saurin 1/125 na daƙiƙa. Idan hazon hunturu ya dushe rana ka sauko 11 ko 8, a inuwar bedi kuma 5.6 ko 4, domin lamba tana raguwa ƙofa tana ƙara buɗewa. Da wannan lissafi FM2 tana aiki ko babu batir, domin labulenta na inji ne, batirin na ma'auni ne kaɗai. Ta dijital kuwa idan batir ya ƙare ta zama dutse, kuma ka san yadda wuta take yi mana a watannin zafi, saboda haka batir biyu cike shi ne mafi ƙarancin abin da za ka fita da shi.

Kada ka ɗauka ina yi wa fim kara. Ta fuskar neman abinci dijital ta yi nasara, kuma ba zan tura ka biki da fim ba. Idan ka sa fim mai ISO 100 ka ɗaure kanka da shi har hoto 24 ko 36 su ƙare, ko da magariba ta same ka. A dijital kana sauya ISO daga hoto zuwa hoto. Fim ɗin rana yana sa fuska kore-kore a ƙarƙashin doguwar fitilar lantarki, alhali a dijital gyaran launi maɓalli ne. Zafin Afrilu da Mayu yana ɓata fim idan ba a firji aka ajiye shi ba, wankinsa kuma yana bukatar magani a kusan digiri 38 daidai, ga shi yanzu fim ɗin da wurin wankin duk sun yi wuya. Mai biki kuma so yake kafin ya kwanta hotonsa ya shiga WhatsApp. Abu ɗaya ka lura da shi idan ka ɗora tsohon gilashi a sabon jiki: hoton fim milimita 24 ne a 36, sensar yawancin ƙananan kyamarori kuwa ta fi haka ƙanƙanta, don haka gilashin milimita 50 yana ganin abin da na 75 ke gani a Nikon, ko na 80 a Canon. Yana kyau ga hoton fuska, amma a ƙaramin ɗaki ba zai haɗa maka dangi ba.

Illar dijital tana zuwa ne daga arhar dannawa. Je ka filin kokowa ka dubi matasan masu hoto: yatsa a kan maɓalli, kyamara tana ta ɓarin wuta, suna fatan kayen zai faɗo cikin abin da suka tara. Yi lissafi da kanka. Idan kyamara tana ɗaukar hoto biyar a daƙiƙa, kowanne da saurin 1/500, to a daƙiƙar nan labule a buɗe yake kashi ɗaya cikin ɗari kawai, saura duk a rufe. Wanda ya san kokowa, ya ga ɗan kokowa ya sami ƙafar abokinsa ya kuma sauke ƙugu, shi ne zai danna a lokacin da ya dace. Bayan haka labule yana da iyakar rayuwa, a ƙananan kyamarori ana ƙiyasta masa wajen dannawa dubu ɗari, kuma shi ya sa ake duba adadin dannawa kafin a sayi ta hannu. Sannan hotuna dubu da ka kwaso kai ne za ka kwana kana tacewa.

Ƙura ma ta fi cutar dijital. Fim kowane hoto sabon wuri yake samu, sensa kuwa ɗaya ce, ƙwayar da ta zauna a kanta za ta fito a wuri ɗaya cikin kowane hoto, musamman a sararin sama idan ƙofa tana 16. Kada ka cire gilashi a fili lokacin iska. Idan dole ne, ka kashe kyamara, ka kifa bakinta ƙasa. Da ƴar robar hura iska ake share ta, ba da baki ko bakin riga ba.

Saura ajiya. Malick Sidibé na Bamako da Philippe Koudjina na Yamai duniya ta ga aikinsu ne bayan shekaru masu yawa saboda nagetif ɗinsu ya tsira a akwati. Katin ajiya ba ya yin gargaɗi kafin ya lalace. Duk aikin da ka dawo da shi ka kwafe shi wuri biyu kafin ka goge kati, gogewar kuma ka yi ta a cikin kyamara, waɗanda suka fi kyau ka buga su a takarda.

Ranar Juma'a mai zuwa ka ɗauki ta dijital, ka mayar da ita kan M, inda kai ne kake zaɓar ƙofa da sauri da hannunka, ka kashe nunin hoto a allo, ka shiga babbar kasuwa daga rumfunan masu yadi zuwa fili inda rana take. Hoto 36 kawai za ka ɗauka, kana rubuta ƙofa da sauri na kowanne a takarda, kuma ka nemi izinin duk wanda za ka ɗauka. Da yamma ka kawo mini katin da takardar mu duba su tare a kwamfuta.