Amsa ga mai tambaya kan barazana, rauni da haɗari a Security+

Malam, ka ce kalmomin nan uku suna rikice maka, kuma lissafin ALE, wato asarar da ake hasashen tafkawa a shekara, ya ƙi zama a kanka. Ni ma sun sha ni kafin na zauna jarrabawar Security+ ɗin, ta tsaron kwamfuta.

Ka ɗauki shagon waya a Farm Centre, kasuwar waya ta Kano. Ɓarawo shi ne barazana. Kwaɗon da ya lalace a ƙofa shi ne rauni. Haɗari kuwa yiwuwar ɓarawon ya samu wannan ƙofar ne, haɗe da asarar da za a tafka.

Lissafin ma da shagon za ka kama shi. Kaya na naira miliyan 10, gobara ɗaya ta cinye kashi 40, to SLE, wato asarar faruwa sau ɗaya, miliyan 4 ke nan. In sau ɗaya take faruwa cikin shekara 5, ARO, wato yawan faruwarta a shekara, 0.2 ne. Ka ninka SLE da ARO, ALE ya zama dubu 800. Kariyar da ta fi haka tsada a shekara, asara ce.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne inshora. Ba ta rage haɗari, tura shi take yi wa wani. Ka riƙe wannan sosai, don tambayoyin na iya kai 90 cikin minti 90, ba lokacin dogon tunani. Allah Ya ba da sa'a.