Nawa ake sayar da zomon daji?

Ɗan'uwa, ka tambaya nawa ya dace ka sa wa zomayen da kake farautowa in za ka sayar da namansu. Babu tsayayyen farashi, amma akwai hanyar gane shi.

Kafin maganar kuɗi, bincika dokar inda kake. A yawancin jihohin Amurka doka ta hana sayar da naman dabbar da aka farauto, a Ingila kuwa ana sayarwa muddin an bi ƙa'idar tsabta.

In doka ta yarda, fara da farashin kilo ɗaya na naman zomon gida a kasuwarku, shi ne ma'auninka. Na daji ya fi ƙanƙanta, namansa ya fi tauri, ba shi da kitse, kuma in ka feɗe shi ka cire kai da kayan ciki, kusan rabin nauyinsa ya tafi. Don haka wanda ka gyara tsaf ya fi wanda ka miƙa da fatarsa kuɗi, domin ka ɗauke wa mai saye wahala. Wanda harsashi ya ragargaza wa cinya ko gadon baya kuwa sai ka rage masa kuɗi, domin nan naman yake, kuma ba mai son tauna dalma.

Abin da na fi damuwa da shi lafiyar mai ci ce. Sa safar hannu in za ka feɗe, ka duba hanta da kyau. In ka ga fararen ɗige-ɗige a jikinta, yana iya zama cutar tularemiya, wadda ke kama mutum. Wannan binne shi za ka yi, ko nawa aka taya.