Amsa ga ƙanina na Kano da ya tambayi zamanmu a Malabo

Salamu alaikum ƙanina, na ga saƙonka tun shekaranjiya, wai an ce maka garinmu Malabo, dake tsibirin Bioko a ƙasar Equatorial Guinea, a bakin dutse mai aman wuta yake, kuma kana tambaya ko har yanzu Hausawa ne mu ko mun narke. Toh duka biyun zan amsa maka don ba sa rabuwa.

Maganar dutse gaskiya ce amma ba yadda kake zato ba. Ka ɗauki ƙwarya ka fasa gefe ɗaya ka nutsa ta a ruwa, toh haka gaɓar Malabo take. Tsohon bakin dutse ne da ya mutu tun ba a san lokaci ba, ya nutse, teku ta shigo ta cika ramin, garin kuma ya zauna a saman leɓen ƙwaryar. Shi yasa in ka tsaya kusa da babban cocin Santa Isabel ka leƙa ƙasa zaka ga jirage can ƙarƙashinka, ƙasa ta miƙo hannu biyu ta rungume ruwan. Hanyar da ake hawowa daga tasha tsofaffi suna kiranta Cuesta de las Fiebres, wato hawan zazzaɓi, kakana yace da buhu a ka ya hau ta ranar da ya sauka. Wanda ake kallo da ido biyu shine dutsen Pico Basile dake bayanmu, ya ɗan haura mita 3,000, rabonsa da yin aman wuta tun 1923. Ranar da gari ya washe kuma har dutsen Kamaru muna hangowa a tsallaken ruwa, shi kam ya yi a 1999 da 2000.

Wannan ramin shi ya kawo kowa. Ruwan akwai zurfi har bakin gaɓa kuma iska bata dukan jirgi, shi yasa Turawan Ingila suka kafa garin a 1827 suka sa mishi Port Clarence, Sifaniyawa suka maida shi Santa Isabel, sai 1973 ya koma Malabo. Mutanen Najeriya Panya suke ce ma tsibirin. Inyamurai da mutanen Kalaba gonakin koko suka zo yi da kwantiragi, namu kuwa yawanci fatauci ya kawo su, kakana ta Kalaba ya biyo da turare da carbi da ƴan yadudduka yana bin lebura ranar biyan albashi. Zamanin shugaban ƙasar nan Macias da abu ya ɓaci gwamnatin Murtala ta turo aka kwashe ƴan Najeriya wajen 1976, mutane da yawa sun tafi, gidanmu dai aka zauna don kakata tace kabarin ƴaƴanta biyu yana nan ba inda zata.

Yanzu ga abinda ku a gida ba zaku gane ba sai an faɗa muku, mu komai namu jirgi yake jira. Nan ba a noma gero ko dawa, ruwan sama ya yi yawa, ƙasar baƙa ce wuluk, abinda take so shine gwaza da rogo da ayaba da koko. Kuka, daddawa, kuɓewa busasshiya, kanwa, duk ta ruwa suke zuwa daga Duwala ko Kalaba, in jirgi ya yi latti tukunyar kowa sai ta sani. Mahaifiyata a kwalba take rufe kuka saboda danshi, in ta buɗe mata maƙwabta kowa da ɗan cokalinta, ba a sayarwa tsakaninmu, bashi ne da za a rama in naka ya iso. Ragon layya ma haka, muna yara sati biyu kafin babbar sallah muke zuwa saman gangaren nan mu tsaya leƙe, da an fara sauke raguna suna tangaɗi don jirin teku sai mu ruga unguwa da gudu. Tsada kam ba a magana, shi yasa mutum bakwai su haɗu a sa ɗaya ba abin kunya bane a nan, kuma maƙwabtanmu ƴan ƙabilun Bubi da Fang ana kai musu nasu kason, su ma Kirsimeti basa manta mu.

Harshe kuwa ba zan ɓoye maka ba, ɗana a makaranta Sifaniyanci yake yi, a titi Pichi wato irin burokan ɗin nan garin, Hausa sai ya shigo gida, kuma in ya yi ta zaka ji ta karkace. Abin na damuna wlh, shi yasa a gidana doka ce ba a gaida babba da wani yare, sai ya durƙusa yace ina kwana, bayan la'asar kuma allo. Amma dan Allah in ya zo Kano kar a yi mishi dariya a ce ba Bahaushe bane, kakan babansa a wannan baƙar ƙasa aka binne shi ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ni na riƙe ma liman lema.

Aure muna yi tsakaninmu da Hausawan Duwala da Yawunde, wasu kuma sun auri ƴan ƙasa sun musulunta, sadaki da sefa, lefe kuma sai a jira mai zuwa Kano ya haɗo. Juma'a ranar aiki ce don ƙasar Katolika ce, kowa sai ya san yadda ya yi da ogansa ya fito.

In Allah ya kawo ka ka zo tsakanin Disamba da Fabrairu lokacin ruwa ya ɗauke, kuma ka taho mana da kuka da yaji ko mudu bibbiyu ne. Ka gaida su Baba da Inna.