Daga Ina Zan Fara Kula da Muhalli a Masana'antata?

Tambaya: Ina da ƙaramar masana'anta inda muke ƙera kantoci da teburan baje kaya na shaguna. A 'yan watannin nan wasu abokan ciniki sun fara tambayata ko aikinmu yana kula da muhalli. Ta ina zan fara, alhali ba ni da jarin sayen sababbin injuna?

Amsa: Malam, ka fara da sharar da ake kwashewa daga masana'antar kowace yamma. Ka ware mako huɗu ana auna duk abin da za a zubar, guntayen katako daban, ƙarfe daban, kwali da leda daban, kuma a riƙa rubuta abin da mitar wuta ta nuna a ƙarshen kowane mako. Wannan lissafin ne zai nuna maka inda asarar take, domin sau da yawa ba inda mai gida yake zato ba ne.

A ganina, mafi yawan ɓarnar ana shuka ta ne tun a takardar zane, kafin zarto ya taɓa katako. Ka ɗauki allon filawud da aka saba sayarwa, mai faɗin santimita 122 da tsawon santimita 244. Idan mai zane ya ce zurfin kanta santimita 45 ne, layi biyu kawai allon zai ba da, ya bar maka kusan santimita 32 da ba kasafai ake samun abin yi da su ba. Amma da ya rage zurfin zuwa 40, layi uku za su fita, sauran santimita biyun kuma su isa wa abin da bakin zarto yake ci. Mai shago da wuya ya lura da bambancin santimita biyar, kai kuwa za ka gan shi a yawan allunan da kake saye.

Haka batun haɗa kayan yake. Shaguna suna yawan sauya fasali, kuma kantar da aka manne da gam sai an farfasa ta kafin a fitar, yayin da wadda aka ɗaure da noti ana kwance ta, a sauya allon da ya lalace, a kafa ta a wani wuri. Kada a haɗa alminiyam da sauran shara, domin sake narka shi yana cin kusan kashi 5 cikin ɗari ne kawai na makamashin da ake buƙata wajen samar da sabo. Fitilun LED kuwa sun fi tsofaffin ƙwayaye masu zare tsimin wuta da aƙalla kashi 75 cikin ɗari.

Takardun shaida su zo daga baya. Tambarin FSC, ƙungiyar da aka kafa a 1993, yana nuna cewa katakon ya fito daga dajin da ake kulawa da shi, kuma kana iya neman sa daga dillalinka tun yanzu. Shi kuwa ISO 14001, ma'aunin ƙasa da ƙasa na tsarin kula da muhalli a kamfani, wanda aka fara fitarwa a 1996, yana buƙatar rubutaccen tsari da masu bincike daga waje, don haka kada ka gaggauta. Idan abokin ciniki ya sake tambaya, ka nuna masa littafin awon nan, da nauyin sharar watan farko da na watan da kuke ciki.